Falwaya a Cikin Ruwa

Ranar da Yusuf ya kafa falwayarsa a kwatar Tungar Kanya, har guɗa aka yi masa. Ƙarfe ne dogo da ya dasa a kan siminti, a samansa faranti mai kallon sama da allon sola, a ƙarƙashinsu kuma wani akwati mai ƙyafta koriyar fitila. Kafin wannan rana, duk mai neman sabis a garin sai ya hau surin bayan maƙabarta ya ɗaga waya sama, ko ya tuƙa kwalekwale zuwa tsakiyar tafki inda sabis ɗin garin Wara ke leƙowa idan ya ga dama. Yanzu kuwa ka biya Yusuf na mako, ya danna maka lambobi a waya, ka zauna a inuwar rumfa intanet ya same ka. Tsofaffi sun gaya masa cewa inda ya zaɓa ɗin nan ruwa yana zuwa idan tafki ya cika. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ɗaga akwatin sama, kuma nan ne sarari, babu itacen da zai tare farantin.

Cikin masu guɗar har da Lami, matar wansa Auwalu, kuma tata ta fi ta kowa ƙarfi. Tana da dalili. Lami mai bandar kifi ce, kamar yadda innarta ta yi kafin ta. Sauran mata suna lanƙwasa tarwaɗa su soke ta da tsinke, amma gidan su Lami ba sa taɓa tsinke. Tsaga biyu suke yi a gindin wutsiya don hayaƙi ya shiga, sannan su cusa wutsiyar a bakin kifin ta kama kanta. Wannan tsaga ce wata 'yar kasuwa daga Anaca ta gani tun zamanin innar Lami, ta ce ita ta gama yawon neman kifi. Mama Anaca ake ce mata, babu wanda ya damu da sunanta na yanka. Da can da kanta take zuwa, ta tsaya a bakin banda tana juya kifi tana shinshinawa. Da gwiwa ta gaza kuma hanya ta lalace, sai ta koma aiko direba, amma ba ta sake hali ba. Ba ta sayen kifin da ba ta gani a kan banda ba, domin ta ce kwali yana ɓoye ƙarya.

Saboda haka falwayar ta zo wa Lami a kan gaɓa. Bandarta tana bayan rumfar kwata, sabis yana isa. Sai ta kira Mama ta bidiyo, ta ɗaga kifi ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi a kusa da waya don a ji bushewarsa. Mama ta ce a ɗaure, direba ya ɗauka ranar kasuwa. Haka aka yi ta yi cikin daɗi har damina ta kama.

Ana nan sai kiran bidiyon ya fara ciwo. Fuskar Mama ta daskare baki buɗe, murya ta tsinke, wani ɗan zobe ya yi ta juyi a tsakiyar waya. Hoto ma idan Lami ta tura, sai ya wuni a hanya. Ta ɗauka hadari ne, ta ɗauka wayarta ce ta tsufa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, a daidai lokacin da take fama, samari suna zaune a rumfa ɗaya da ita suna kallon ƙwallo, kuma ko gargada babu. Ruwa ba ya tsami banza.

A makon ne Yusuf ya tara mata masu banda ya nuna musu wani shafi da ya buɗe, ya sa masa suna Kasuwar Kwata. Ka ɗora hoton kifinka a can, kafin ka ƙifta ido ya hau. Bidiyo ma haka. Sai dai mai saye ba ya ganin sunanka ko lambarka, sunan Yusuf yake gani, da shi zai yi ciniki, shi kuma ya waiwayo ya gaya maka yadda aka yi.

Lami ta same shi a gindin falwayar yana goge allon sola. Shi ƙanin miji ne, tun tana amarya akwai wasa tsakaninsu, kuma wannan wasan ne ya mayar garkuwa.

“Isuhu,” haka ake kiransa a garin, “mi kay yi ma sabis ɗin ga?”

“A'a, matata ta kaina! Yau da hushi anka tashi? Ko yayana bai ba da na cehwane ba?”

“Ban zo wasa ba. Ƙwallo na wucewa, kihina ba ya wucewa. Kuɗin da samari ka biya shi ni ka biya.”

“Hanya ta yi ƙunci, matata. Mutane sun yi yawa. Dole in zaɓi abin da za shi wuce gaba.”

“Sai kaz zaɓi naka.”

“To da na wa zan zaɓa? Ƙarhena na, solata ta. Ki ɗora kihinki ga shahina, yanzu-yanzu Mama ta gan shi. Ke ko wahalar ciniki an ɗauke maki.”

“Cinikin da innata tab bar mani za ka ɗauke mani?”

Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi don 'yan kallo. “Ku ji mata da rowa! Miji guda na neman albarka, ana yi mai kallon ɓarawo.”

Samarin rumfa suka tuntsire. A nan Lami ta gane irin ramin da ta faɗa. Duk abin da ta faɗa da zafi, shi zai mayar da shi wasan ƙanin miji, ita ta zama mace marar fara'a. Ta tsane shi a lokacin, tsana ta gaske, har ta ji ɗacinta a harshe.

Auwalu, mijinta, masunci ne mai haƙuri, irin haƙurin da ke sa matar mutum hawan jini. Da ta kai masa maganar yana gyaran koma, bai ko ɗago ba. Ya ce shi bai san komai a kan waya ba, kuma ba zai shiga tsakanin matarsa da ɗan'uwansa ba, a bar kaza cikin gashinta. Ta ce kazar da ake fige ta da rai wane gashi ya rage mata? Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ta gwada dabara. Ta ɗaure kifi a kwali ta kai Wara inda sabis yake, ta buɗe a bakin kasuwa don Mama ta gani. Busasshen kifi ba ya son a taɓa shi sau biyu, na ƙasa duk suka karairaye, kuma Mama ta ce ai ta faɗa, ita a kan banda take gani. Saƙon murya dai yana wucewa, wannan Yusuf ya bar musu shi sadaka. A nan Mama ta aiko da Hausarta ta kasuwa: “Lami, ni ba ya sayen kifi da kunne. Saboda mamanki zan jira. Amma kayan Kirsimeti ba ya jira kowa. Ki gyara wayanki.”

Kayan Kirsimeti shi ne babban lodin shekara. Wanda ya samu wannan lodin shi ne na Mama har shekara ta zagayo, haka take tun da can. Lami ta san idan ya kuɓuce mata, abin da innarta ta gina ya bar gidansu.

Ta fara da Maigari. Ya saurare ta da kyau, ya ce da a kan filin da aka kafa ƙarfen ake rigima da ya yanke yau ɗin nan, domin ƙasa tasa ce. Amma abin da ke fita daga ƙarfen ba ya ganinsa, ba ya taɓa shi, kuma kakansa bai bar masa hukuncin iska ba. Ya ba ta shawarar ta yi haƙuri. A garinmu haƙuri shi ne abin da ake ba wanda ba a da niyyar ba shi komai.

Ta shiga jirgin ruwa na 'yan kasuwa zuwa Yelwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata wani ofishi da aka ce a nan ake kai kukan masu sabis. Ma'aikacin da ta tarar mutumin kirki ne, ya ba ta kujera, ya ji ta har ƙarshe.

“Hajiya, abin da yake yi ba daidai ba ne,” in ji shi. “Wanda ya biya hanya, bai kamata a tsaya ana leƙa kayansa ana zaɓar na wucewa ba. Amma mu kamfanoni masu lasisi muke iya kira mu zaunar. Wannan naku ba kamfani ba ne, saya yake yana rarrabawa. Ba ya cikin waɗanda za mu ce wa yi kaza, bar kaza.”

“To mi kuka iyawa?”

“In an matsa, a zo a kwance kayan gaba ɗaya. Shi ke nan kowa ya rasa, har ke.”

Lami ta miƙe. Ita ba mutuwar falwaya take nema ba, hanya take nema. Ta yi godiya ta fito, ta sayi ruwan leda ta sha rabi, ta wanke fuska da sauran.

A jirgin komawa ne, suna shiga mashigin garin, ta ga inda aka taɓa yanke tarun wani baƙo da ya datse bakin hanya da shi. Sai Sarkin Ruwa ya faɗo mata a rai. Tsoho ne da ya haura saba'in, kuma a kan ruwa maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Dokar da ya gada guda ce mai ƙarfi: ba a datse mashigi, ba a buɗe wa wani jirgi hanya a rufe wa wani, ko jirgin sarki ne ko na mai tsinin tsiya. Tun daga kwata ta wuce gidansa, ko gida ba ta biya ba.

“Ranka shi daɗe, an datse muna mashigi.”

Ya sa ta yi bayani sau biyu, domin shi ko waya ba ya riƙewa. Da ya gane, sai ya gyaɗa kai. “Wanga datsewa ta, ɗiyata. Ko ba a ganin tarun, taru na.”

Zuciyarta ta yi sanyi, karon farko tun damina.

“Amma tashi mu tai mu gani.”

Suka taka har kwata. Ya dogara sandarsa ya dubi gindin falwayar, ya dubi bakin ruwa da ke can ƙasa, ya shuri yashi da ƙafa. “Kin gani? Busasshe. Tun kakanni, inda ruwa yaj jiƙa nan hukuncina ya tsaya. Inda ƙahwa ka taka busasshe, na Maigari na. In ni ƙetare yau don ke, gobe shi ma shi ƙetaro mani cikin ruwa.”

“Maigari ya ce shi ba shi da iska.”

“Ni ko ba ni da tudu.” Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. “Amma ruwa na zuwa wurin ga. Ran da yat taɓa simintin ga da ƙahwatai, ba wanda anka ɗebo da bokiti ba, ki zo ki kira ni.”

Daga ranar Lami ta zama mai gadin tafki. Kowace safiya kafin ta hura wuta sai ta je ta soka kara a bakin ruwa, washegari ta dawo ta ga ko ruwa ya ci shi. Labari ya bazu, garin kuwa ya samu abin yi. Samari suka sa mata suna Mai Jiran Ruwa. Idan ta wuce sai wani ya ce, “Inna Lami, yau kamu nawa ya rage?” Yusuf da kansa yakan leƙo daga rumfa ya ce matarsa ta fi shi son falwayar nan, kullum sai ta zo gaishe ta. Matan banda kuwa ɗaya bayan ɗaya suka koma shafinsa. Ba don sun yarda da shi ba, a bayan ido zaginsa suke yi, amma kifi ba ya jiran a gama shari'a. Suka riƙa kauce wa idon Lami a bakin rijiya.

Wadda ta fi kauce mata ita ce Jamilatu, matar Yusuf. Lokacin da aka kawo ta daga Shanga ko wutar banda ba ta iya haɗawa, hayaƙi ya yi ta sa ta kuka. Lami ce ta zaunar da ita, ta koya mata zaɓen itace, ta riƙe hannunta ta nuna mata inda wuƙa ke shiga a gindin wutsiya. Ta ɗauke ta ƙanwa, domin wa da ƙane suke aure. Yanzu idan sun haɗu sai Jamilatu ta gaishe ta da sauri kamar wadda ake bi bashi, ta wuce.

Ruwan damina ya zo ya hau rabin gangaren, ya tsaya. Lami ta yi kwana da kwanaki tana kallonsa kamar ta ja shi da igiya. Sai bayan an gama girbi, sama ta bushe sarai, sannan baƙin ruwa ya iso, wanda ke tahowa daga ƙasashen sama ba tare da hadari ba. Ya riƙa cin karan Lami ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ta zo ta tarar siminti ya nutse, ƙananan kifaye suna zagaya gindin ƙarfen. Ko takalmi ba ta tsaya gyarawa ba ta nufi gidan Sarkin Ruwa.

Aka yi zaman a kwata, garin kaf ya fito. Sarkin Ruwa ya sa aka kai shi gindin falwayar a kwalekwale, ya tsoma sandarsa har ta taɓa siminti, ya ɗago ta jiƙe ya nuna wa jama'a. Maigari yana zaune a kan tudu, ya ce ya gani, ba shi da magana.

“Isuhu, ƙarhen ga cikin ruwana shi ke?”

“Cikinsa shi ke, ranka shi daɗe.”

“Gaskiya ta kana buɗe ma wani kaya hanya kana tsai da wani?”

“Gyaran hanya na, ranka shi daɗe. Ita matata ba ta gane...”

“Nan ba wurin wasa na ba. Matar wanka ta. Amsa ni ka so.”

Ai kuwa dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Lami ta ji daɗin wannan fiye da yadda za ta iya faɗa.

“Ina yi,” in ji shi.

“To ka ji. Muddin ƙarhen ga na cikin ruwa, abin da ka hita cikinai shi hita ma kowa daidai. Ƙwallo da kihi, naka da nata, kowa shi bi layi guda. In ka ƙi, a yi mai abin da aka yi ma tarun da ya datse mashigi.”

Mata suka yi guɗa, har da waɗanda suka gudu suka bar ta. Yusuf ya durƙusa ya ce ya ji ya bi. Ya faɗe shi da sauƙin da ya kamata ya tsorata Lami, amma daɗi ya rufe mata ido. A yammacin ranar ta kira Mama, hoto ya fito tar, har tana ganin zanen labulen shagonta. Mama ta ce madalla, Lami ta shirya kayan Kirsimeti, mako mai zuwa za ta duba a kan banda.

Lami ta saye duk tarwaɗar da ta samu, ta hura bandarta duka, ta yi ta aiki har idanunta suka yi jawur.

Kwana kaɗan bayan haka ta fito da safe ta ga kwalekwale a gindin falwayar. Yusuf yana sama yana kwance farantin. Wanda ke riƙe masa tsani a cikin jirgin kuwa Auwalu ne, mijinta.

“Malam! Mi kaka yi nan?”

Bai dube ta ba. “Ya ce in riƙe mai kar shi hwaɗi. Ƙanena na.”

“Kwantar da hankalinki, matata,” Yusuf ya ce daga sama, dariyarsa ta dawo har da riba. “Hwalwayarki na nan, ban taɓa ta ba. Damshi ka ɓata mani hwaranti, zan kai shi inda ya bushe.”

Gidan Yusuf yana kan tudun da ya fi ko'ina tsawo a garin. A kan rufinsa ya ɗaura farantin, ya kafa sabon akwati, ya yi rumfa, ya gina bandoji a bayan gida. A falwayar kwata kuwa ya bar tsohon akwatin yana ƙyafta koriyar fitilarsa, yana karɓar ɗan abin da aka rage masa daga tudu. Kuma wallahi bai karya hukunci ba. Abin da ke fita daga falwayar yana fita wa kowa daidai: ƙwallo ba ta motsi, kifi ba ya motsi, shafinsa ma ba ya buɗewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A can tudu kuwa komai yana gudu, a bisa tsohon tsari, ga duk wanda ya bi ta Kasuwar Kwata.

Garin ya juya wa Lami baya a wuni ɗaya. Samarin da yanzu sai sun hau tudu da rana kafin su ga ƙwallo suka ce ita ta kashe musu kwata. Masu shayi da masu ƙosai suka kwashe kayansu suka bi jama'a sama, suna tafe suna Allah ya isa. Wata daga cikin masu guɗar ranar hukunci ta tsaya a bakin bandar Lami ta ce, “Da kin yi shiru da duk muna nan cikin inuwa.” Babu wanda ya zagi Yusuf. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.

Ranar da Mama za ta duba kaya, Lami ta tsaya a bakin banda da waya a hannu tun hantsi. Zoben nan ya yi ta juyi. Ta shiga ruwa har gwiwa ta matsa jikin falwayar, ta ɗaga wayar sama, bai daina juyi ba. Ta tura saƙon murya ta ce a ƙara mata kwana biyu. Shiru. Hawa tudu kuwa ta roƙi Yusuf, ta rantse ko kifin zai ruɓe a kan banda ba za ta yi ba.

Bayan kasuwa ta ci ta watse, saƙo ya shigo daga Mama, murya da hoto. Muryar ce ta fara buɗewa, cike da fara'a. “Lami! Na gode, kaya ya iso. Ashe kin koma wurin ƙaninki, ba ki faɗa mini. Ya nuna mini a kan banda, na ga hannunki, na ce a ɗaure duka. Aikin mamanki bai mutu ba.”

Lami ta dubi bandarta. Kifinta yana nan a jere, ko ɗaya bai bar wurin ba.

Ta shiga ruwa ta matsa jikin falwayar, ta danna hoton. Da yake sabis ɗin na adalci ne, a hankali ya riƙa buɗewa daga sama zuwa ƙasa. Bakin kwali ya fito, sannan kawunan tarwaɗa, baƙaƙe masu sheƙi. Ta tsaya cikin ruwa tana jira har ya kai ƙasa. Babu tsinke ko ɗaya. Kowace wutsiya tana cikin bakin kifinta, ga tsaga biyu a gindinta, daidai inda ta taɓa riƙe hannun Jamilatu ta nuna mata.

Ta danna ta yi magana. Ta ce wannan ba kifinta ba ne, nata yana nan a kan banda, hannun wata ne. Amsar ba ta daɗe ba. “To, Lami, ni dai ban ga bambanci ba. Kuma shi yana nuna mini duk lokacin da na kira. Ki gaida gida.”

Ba ta yi kuka ba. Ta fito daga ruwan zaninta yana ɗiga, ta bi ta gaban bandarta ba ta ko rage wuta ba, ta tarar da Sarkin Ruwa a ƙofar gidansa yana saƙa koma.

“Ranka shi daɗe, ya mai da tarun tudu.”

“Na ji.”

“To a kira shi.”

“Ɗiyata, abin da nic ce shi yi, ya yi. Ƙarhen da ke cikin ruwana na ba kowa daidai.”

“Daidai ɗin banza! Ya ba kowa babu!”

“Awo. Ni ma ina da ido.” Ya ja zare ya ɗaure. “Amma can tudu na. Ko shekarar da ruwa yac ci tsohon garinmu, ina yaro anka ɗauko mu cikin jirgi muna kallon rufin ɗakunanmu na nutsewa, bai kai tudun can ba. Bai taɓa kaiwa ba.”

Lami ta ɗaga kai ta dubi tudun. Farantin yana ƙyalli a kan rufi, hayaƙin sababbin bandoji yana tashi a bayansa, mutane suna hawa da kwanduna a ka.

“To Allah shi kai shi,” in ji ta.

Tsohon ya ajiye komar a cinyarsa. Ya dube ta.

“Lami, kin san abin da ke tsakanin bakin ruwa da tudun can? Bandarki na nan. Ɗakinki na nan. Masallaci na nan. Kabarin innarki na nan. Duk sai ruwa ya bi ta kansu kahin shi taɓa ƙohwar Isuhu.”

“Na sani, Baba Sarki,” ta ce. “Na lissahwa da su.”

Ya koma kan saƙarsa, ita kuwa ba ta janye ba. Ta juya ta gangara kwata, ta karya kara a hanya kamar yadda ta saba. Da ta isa sai ta ga wani koren layi a jikin falwayar, sama da inda ruwa yake, alamar tafki ya fara ja da baya. Ba ta soka karan a bakin ruwa ba. Ta hau gangaren da shi, ta wuce bandarta, ta soka shi a ƙofar ɗakinta.